Gidan Kaduna da Kayan Tare Zafi: A Ina Ya Kamata a Kashe Kuɗin?

"Assalamu alaikum. Ina gini a Danbushiya, ɗaki uku da falo, an kai linta, saura rufi. Yayana da ke zaune a Ingila ya dage sai na sa abin tare zafi a cikin bango da silin, har da tagogi masu gilashi biyu, kamar yadda suke yi a can. Maginina kuma ya ce wannan aikin ƙasashen ƙanƙara ne, mu nan kwano mai kyau da POP sun wadatar, kada in zubar da kuɗina. Gidan hayar da nake ciki yanzu a Tudun Wada, in Maris da Afrilu suka zo ba ma iya barci a ɗaki, sai tsakar gida. Ba na son in gina irinsa da hannuna. Wa zan bi a cikinsu?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a ginin, ya nuna mana ranar tarewa.

In na fahimce ka, so kake ka san ko yanayin Kaduna ya kai a kashe kuɗi kan kayan da ke hana zafi ratsa gini, in kuma ya kai, a ina za a sa su. Ka kuwa yi tambayar a kan gaɓa, domin wanda ya kai linta bai rufa ba, babbar shawarar tana hannunsa har yanzu. A kan rufi, bi yayanka. A kan bango da gilashi biyu, magini ya fi kusa da gaskiya, ko da yake dalilin da ya kawo ba shi ne dalilin ba. Sana'ata zanen gine-gine ce da duba aikinsu a nan Kaduna da Zariya, kuma yawancin gidajen da ake kira na saboda zafi, in na je, a sama nake tarar da matsalar.

Maganar cewa abin na ƙasar sanyi ne, a ajiye ta gefe. Abin tare zafi ba ya ɗumama ɗaki, ba ya kuma sanyaya shi. Aikinsa kawai ya rage saurin wucewar zafi daga ɓangaren da ya fi zafi zuwa wanda ya fi sanyi, ko ta wace fuska. Fulas ɗin da ke riƙe maka ruwan shayi da zafinsa har la'asar, shi ne zai riƙe maka ƙanƙara in ka zuba masa. A Ingila zafin a ciki yake, ana hana shi fita. A nan a waje yake, galibi a saman kanka, ana hana shi shigowa. Daga ina zafin ke zuwa, a wane lokaci, kuma da laima ko babu, yanayin gari ne ke faɗa, shi ya sa tsarin can ba ya zama daidai a nan in an kwafo shi ɗungurungum.

## Shekara guda, yanayi uku

Kaduna tana wajen digiri 10 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, a kan tudu mai tsayin kusan mita 600 daga doron teku. Tsayin nan ne ya sa zafinmu bai kai na Sakkwato ko Maiduguri ba, inda wuce digiri 40 a bazara ba labari ba ne, sanyinmu kuma bai kai na Jos ba, wadda ta ninka mu tsayi. Tsaka-tsaki muke, kuma tsaka-tsakin yana da wuyar yi wa gini, domin gida ɗaya ne zai fuskanci yanayi uku, kowanne da abin da yake nema.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne: busasshiyar iska daga arewa maso gabas, ƙura, da rana zafi ya kai digiri 30 da 'yan kai, da asuba ya sauka zuwa 14 ko 15. Maris da Afrilu bazara, rana ta haura 35, wani lokaci ta taɓa 38, dare kuma ba ya sauka yadda ake so, musamman in hadari ya fara haɗuwa, laima ta shigo iska amma ruwan bai sauka ba. Daga Mayu zuwa Oktoba damina. Ruwan da ke sauka mana a shekara yana kai milimita 1,200, kusan ninki biyu na abin da Landan ke samu, kuma cikin wata shida kacal. Ka faɗa wa yayanka wannan, ina jin zai yi mamaki. A Agusta zafin rana da kyar yake wuce 28, amma iska jiƙe take, shanya ba ta bushewa, takalmi na yin fumfuna a ƙarƙashin gado.

Dubi inda yayanka yake. Wata da watanni waje da kyar yake kai digiri 10, dare da rana, a ciki kuma ana son 20. Ɗumin da suka saya da kuɗi yana zurarewa ta bango, ta taga, ta daɓe, ta rufi, don haka ko'ina suke lulluɓewa. Mu kuwa, in ba ka kunna na'urar sanyaya ɗaki ba, tazarar iskar waje da ta ciki ba ta da yawa. Hasken rana ne kai tsaye ke gasa mu, kuma rana ba ko'ina take dukan gida daidai ba. Ba mu kuma zama ɗaya da Legas ba, inda dare da rana kusan zafinsu ɗaya, iska jiƙe duk shekara, gida ba abin da yake nema sai iska ta ratsa shi. Mu muna da dare mai sanyi a mafi yawan watannin shekara, kuma gini mai tsari yana iya cin moriyar wannan a kyauta.

## Rufi

Rana a wajenmu ta saman kai take bi. Sau biyu a shekara, wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta, tana tsayawa cak a tsakar ka, har mutum ya taka inuwarsa. Ta Agusta gajimare na tare ta, ta Afrilu kuwa babu mai tare ta sai kwanonka. A irin wannan tsakar ranar kowace murabba'in mita ta rufi tana karɓar kusan wat 1,000 na hasken rana, gida irin naka kuma rufinsa ba zai gaza murabba'in mita 150 ba. Kwano mai duhun launi yana shanye kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na hasken, jikinsa ya kai digiri 65 ko 70. Kaurinsa bai kai milimita guda ba, ƙarfe kuma ba ya tare zafi ko kaɗan. Sai ya hasko shi ƙasa zuwa silin, silin ya ɗauka ya hasko maka. Shi ya sa a gidan hayarka fanka ke juya iska mai zafi, shi ya sa kuma katifa da bango ke nan da ɗumi har tsakar dare.

POP ɗin da magini ya ce ya wadatar ado ne. Yana da kyan gani, ba ya cin wuta, amma kaurinsa santimita ɗaya ne ko ɗan fiye. Audugar gilas, wadda 'yan kasuwa ke kira faiba gilas, mai kaurin santimita 5 ta fi shi tare zafi fiye da sau 20. Bari in yi maka lissafi na kusa-kusa. Ɗauki ɗaki mai mita 4 sau 4, a ce cikin rufi yana digiri 50 da azahar, kana son ɗakin ya tsaya a 26. In silin ne tsirara, zafin da ke sauko maka ta sama kaɗai ya kusa wat 1,000, daidai da ka kunna dutsen guga ka bar shi a ɗakin. In aka shimfiɗa audugar gilas mai santimita 5 a bayan silin, zai sauko zuwa wajen wat 250, kashi ɗaya cikin huɗu ke nan. Ba ra'ayina ba ne kaɗai. Ƙa'idar tattalin makamashi a gine-gine da Ma'aikatar Wutar Lantarki, Ayyuka da Gidaje ta tarayya ta fitar a 2017 ta sa wa rufi mafi ƙarancin ma'aunin tare zafi na 1.25, wanda shi ne abin da santimita 5 na audugar gilas ke bayarwa. Ba ta ɗora wa bango irin wannan sharaɗin ba.

Tun kafin a zo ga auduga akwai abin da ba ya cin ko sisi, wato launin kwano. Yanzu yayi ne a rufa baƙi, ko ruwan ƙasa mai duhu, ko shuɗi mai duhu, ka zaga sababbin unguwanni ka gani. Farin kwano ko mai ruwan madara yana mayar da mafi yawan hasken tun bai zama zafi ba, kuɗinsa kuma ɗaya da baƙin. Ƙurar hunturu takan dusashe shi, ruwan farko ya wanke. Kwanon nan mai tsakuwa a jiki yana rage ƙarar ruwan sama, yana da kwarjini, amma in baƙi ne zafi zai yi, kada mai sayarwa ya ce maka ya ɗauke maka buƙatar komai.

Sai takardar alminiyam da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin kwano. Tana aiki ƙwarai, domin fuskarta mai ƙyalli kashi 5 cikin 100 ko ƙasa da haka take haskawa na zafin da wani abu zai haska. Amma sharuɗɗanta biyu ne, kuma a nan ne kafintoci suka fi kuskure. Dole fuskar mai ƙyalli ta kalli sarari, aƙalla santimita 2 da rabi. In an matse ta tsakanin kwano da wani abu ba sarari ta kowane ɓangare, ta zama ƙarfe kawai. Na biyu, kuma wannan namu ne na mutanen hunturu, ƙyallin ya kalli ƙasa. Na sha hawa silin in tarar an shimfiɗa ta a kwance a bayan silin tana kallon sama, hunturu ɗaya ya zuba mata ƙura, ƙyallin ya tafi, amfanin ya ragu sosai. Wadda aka buga a jikin katakon rufi tana kallon ƙasa, ƙura ba ta zama a kanta. Kuma lokacin sa ta shi ne ranar buga kwano. In ranar ta wuce, aikin ya ninka wahala.

Cikin rufin kuma yana son numfashi. Kafintocinmu suna like bakin rufi ruf da katako ko PVC saboda kyan gani, iskar ciki ta rasa mafita, ta yi ta dahuwa. A bar ƙofofin iska a ƙarƙashin bakin rufi, a bar wasu a can sama ko a jikin bangon da ya tokare jinka, iska mai zafi ta fita ta sama, sabuwa ta shigo ta ƙasa. Kowace ƙofa a sa mata raga mai ƙarfi, in ba haka ba jemagu da ɓeraye za su tare kafin kai. Ka kuma tabbata an ɗaure katakon rufi da langa-langa ko rodi a cikin kankare, domin iskar farkon damina ba ta wasa da rufin da aka ɗora kawai aka buga wa ƙusa.

Abin da zan hana ka shi ne rufin ɓoye, wanda ake ɗaga bango ya rufe kwano kamar gidajen Dubai. A garin da ba a ruwa yana da ma'ana. A Kaduna yana jawo abu biyu: kwano ya kwanta ba gangare, ruwan Agusta ya cika kwata ya koma cikin silin, sannan bango ya tsaya tsirara a rana da ruwa ba inuwa. In kuma nan gaba ka yi niyyar zuba dekin ka bar shi a buɗe, ka sani kankare yana sha zafi yini guda ya sake shi da dare, daidai lokacin barci. Abin tare zafinsa a samansa ake sawa, ko a ɗora masa rufi mara nauyi.

## Bango inuwa yake so

Tunda rana ta sama take bi, bangon kudu da na arewa ba sa shan duka sosai, kuma bakin rufi kaɗai yana iya kare su. A Disamba, lokacin da rana ta fi karkata kudu, tsayinta da tsakar rana wajen digiri 56 ne, bakin rufin da ya zarce bango da santimita 90 zai sauko da inuwa kusan mita 1.3, ya rufe mafi yawan taga. A Yuni, da take ɓangaren arewa, ta fi haka tsayi, inuwar ta kusa kai ƙasa. Don haka ka ce wa kafinta kada ya yi rowar bakin rufi: santimita 60 shi ne mafi ƙaranci, 90 ya fi. Zai kuma kare filasta da fenti daga ruwa. Tsofaffin gidajen Turawa da ke cikin GRA, da aka fara ginawa bayan an dawo da hedikwatar Arewa nan a 1917, ba su da wani abin tare zafi na zamani. Baranda mai faɗi gare su, da silin mai tsayi, da itatuwa, kuma har yau wanda ya shiga yana jin bambanci.

Gabas da yamma ne matsala, domin da hantsi da la'asar rana a ƙasa take, tana shigowa ta ƙarƙashin kowane bakin rufi. Yamma ta fi muni, saboda tana zuwa a lokacin da iska ta riga ta yi zafi, bulo ya sha ya riƙe, ya sake shi cikin ɗaki bayan isha. In ɗakin barcinka yana da bangon yamma, to ga inda ƙarin kuɗi zai yi amfani: baranda ko rumfa a wannan ɓangaren, farin fenti, da itace. Darbejiya ko mangwaro a yamma da gida, nesa da harsashi da sokawe saboda saiwa, sun fi duk wani abu da za ka cusa a bango arha. Gabas kuma ta nan hadari ke tasowa, ruwa mai iska ya fi dukan wannan bangon, shi ma yana son kariya.

Game da nauyin bango, magabatanmu sun riga mu. Ginin ƙasa mai kaurin santimita 30 zuwa 40 yana jinkirta zafin rana da wajen sa'a 8 zuwa 10 kafin ya iso ciki, shi ya sa zauren ƙasa ke da sanyi da azahar, da ɗumi da asubar hunturu. Wanda ya taɓa shiga tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Malam Mika'ilu a ƙarni na 19, ya ga inda wannan fasahar ta kai. Sai dai kada a yi mata ƙarya: zafin da bangon ya jinkirta da dare yake isowa, kuma a bazara masu soro ma a tsakar gida suke kwana. Nauyi yana amfani ne in iskar dare ta samu shiga ta kwashe abin da bango ya tara. Kai da ka riga ka yi da bulon siminti, in mai inci 9 ne a bangon waje, ka yi daidai. Ba shi da kyan tare zafi kamar auduga, amma da inuwa da farin fenti ya isa gidan da fanka ce abin dogaronsa. Cusa soson tare zafi a duk bangon gidan zai ci kuɗi mai yawa, ribarsa kaɗan, kuma in an liƙa shi ta ciki ya raba ɗakin da nauyin bangon da zai taimaka masa.

Ka kuma kula da tsakar gida. Shafe fili gaba ɗaya da siminti ko intalok yana tara zafi kamar yadda dekin ke yi, iskar da za ta shigo maka da dare ta kansa za ta bi. Ka bar ƙasa, ka bar shuka.

## Tagogi da na'urar sanyaya ɗaki

Gilashi biyu an yi shi ne don tare zafin da ke bi ta jikin gilashi saboda bambancin iskar ciki da waje. Hasken rana kuwa ratsa shi yake yi, in ba mai shafi na musamman ba ne. In ya shigo ya zama zafi, labule ba ya mayar da shi duka. Inuwa daga waje ita ce magani. Kuma tagar da za ta kwana a buɗe, gilashinta ɗaya ne ko biyu, ba abin da ya canza. Abin da ya fi muhimmanci shi ne irin buɗewarta. Tagar silaidin da kowa ke sawa rabi kawai take buɗewa. Mai buɗewa kamar ƙofa tana ba da duka faɗinta, kuma in tana da roba a baki ta fi tare ƙurar hunturu. Luba tana ba da iska sosai, amma ƙura ba ta jin ta. Kowane ɗaki ya samu taga a bango biyu, iska ta shiga ta fita, ka kuma rage girman na yamma. Ƙa'idar 2017 ɗin nan ta ce gilashi kada ya wuce kashi 20 cikin 100 na bango in ba a yi masa inuwa ba.

Yadda ake tafiyar da gidan ma yana cikin lissafin, kuma wannan zai yi maka amfani tun a gidan haya. A Fabrairu da Maris, in hantsi ya yi, a rufe tagogi da labule, domin iskar waje ta fi ta ciki zafi. Bayan magariba a buɗe ko'ina har asuba, da raga saboda sauro. Mutane da yawa akasin haka suke yi. A damina kuwa a bar iska ta ratsa dare da rana, don laima ce abokiyar gaba a lokacin.

In akwai ɗaki ɗaya ko biyu da za ka sa wa na'urar sanyaya ɗaki, a nan maganar yayanka ta ƙara nauyi, domin ka ƙirƙiri tazara tsakanin ciki da waje da kuɗinka. Na'ura mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana jan sama da wat 1,000, fankar silin kuwa wajen 70. Tun da aka ƙara kuɗin wutar rukunin Band A, wato waɗanda suka fi samun wuta a rana, a Afrilun 2024, ga kuma tsadar man janareta da batirin sola, duk zafin da ka hana shigowa kuɗi ne a aljihunka. A irin wannan ɗakin ka ninka audugar zuwa santimita 10, ka toshe ƙarƙashin ƙofa, in yana da bangon yamma ka yi masa kariya. Gilashi biyu shi ne na ƙarshe a layi, sai in kuɗi sun ragu ko kana bakin titi mai hayaniya.

Akwai abu ɗaya da ba za ka kwafo daga can ba ko a wannan ɗakin. A ƙasar sanyi suna shimfiɗa leda ta cikin ɗaki don hana tururi shiga bango, saboda ɗumi da laima a ciki suke. A ɗaki mai na'ura a watan Agusta abin ya juya: laimar a waje take, sanyin a ciki. Ledar da aka shimfiɗa a bayan silin mai sanyi za ta tara raɓa, audugar ta jiƙe, silin ya yi tabo. Kada a sa ta. Kada kuma a riƙa ajiye na'ura a 16, 24 zuwa 26 tare da fanka ya isa.

## Abubuwan da ke lalata aikin

Audugar gilas in ta jiƙe ta daina aiki, don haka rufin da ke yoyo a fara gyara shi. Kada a danne ta, iskar da ke tsakanin zaruruwanta ce ke aikin. Kada a bar giɓi a kusurwoyi ko a kan murfin shiga silin. Masu shimfiɗa ta su sa safar hannu da takunkumi, tana sa ƙaiƙayi. Farin soson nan irin wanda ake kunso firij da shi yana tare zafi daidai da auduga, ba ya shan ruwa sosai, amma yana narkewa a wuta da baƙin hayaƙi mai guba, silin PVC ma haka. Tunda yawancin gobarar gidajenmu daga wayar lantarki take tashi, ni na fi natsuwa da audugar gilas, wadda ba ta ci da wuta, kuma duk wayar da ke cikin silin a sa ta a cikin bututu. Wasu kan tambaye ni ɓuntun shinkafa ko garin katako. Suna tare zafi, gaskiya ne, amma tsakanin gara, ɓera da gobara, ban taɓa yarda a zuba su a silin mai waya ba. In kuma an kawo maka tsohon silin asbestos da arha, kada ka karɓa, ƙurarsa in an yanka ko an fasa tana illata huhu.

A hunturu audugar da ka sa saboda zafi ita za ta riƙe ɗumin ɗaki, domin a daren da sama ke tas kwano yakan fi iskar waje sanyi. Ba sai ka ƙara komai ba. Amma gidan da aka toshe da kyau ya fi haɗari in aka shigar da kaskon gawayi aka rufe ƙofa. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum a cikin barci. Janareta ma haka, nesa da taga.

Duk wannan yana da iyaka. Babu abin tare zafin da zai sa ɗaki ya fi iskar dare sanyi. A makonnin ƙarshen bazara, in dare ya tsaya a 25 ko 26 ga laima, fanka ba makawa, sai dai za ta juya iskar da ake iya barci a cikinta. Ban kuma ga filinka ba: ban san wace fuska ɗakunan suka kalla ba, ko katangar maƙwabci ta tare maka iska, kuma lissafin da na yi na misali ne, na gidanka zai ɗan bambanta. Yana da kyau wani mai zanen gini ya tsaya a filin da la'asar kafin kafinta ya yanka katako.

In kuɗin ba za su kai duka ba, ka fara da waɗanda ba sa jira: launin kwano, gangarensa, faɗin bakin rufi, ƙofofin iska, da takardar alminiyam, domin duk ranar rufi ake yanke su. Audugar tana iya jira har mai lantarki ya gama jan wayoyinsa, muddin an bar murfin shiga silin mai faɗin da mutum zai wuce da naɗi guda a hannu.